Angon da Ya Biya da Ransa: Abin da Kirista Ke Nufi da Aure

A majami'un arewacin Kamaru, daga Ngaundere zuwa Garwa har Mokolo, da wuya a ɗaura aure ba a karanta sura ta 5 ta wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Afisawa ba. A manyan garuruwa da Fulatanci ko Faransanci aka fi karantawa, a garuruwan bakin iyaka da sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kuwa sau da yawa da Hausa. Ko da wane harshe aka karanta, abin da ke biyo baya kusan ɗaya ne. Da an zo kan ayar da ta ce mata su yi wa mazajensu biyayya, sai maza su gyara zama, mata su sunkuyar da kai, wa'azi kuma ya yada zango a nan. Abin da ke ƙarshen surar, wanda shi ne ginshiƙin maganar duka, ba kasafai yake samun rabonsa ba. A can ne Bulus ya ɗauko ayar littafin Farawa da ta ce mutum zai bar uwa da uba ya manne wa matarsa su zama jiki ɗaya, sannan ya ce wannan asiri ne mai girma, shi kuwa yana magana ne a kan Almasihu da ikkilisiya. Wato a ganin Bulus, zaman miji da mata hoto ne na wani abu da ya fi su girma: ƙaunar da Allah ya yi wa mutanensa, da fansar da ya yi musu. Wanda bai gane wannan ba, duk abin da zai ce game da biyayya ko shugabanci a gida zai fito a karkace.

Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan Hausawa a Garwa da Marwa da Kuseri, idan suka ji ana kiran Allah miji ko ana kiran Almasihu ango, kunnensu ba ya ɗauka, kuma akwai dalili. To, Kirista ba ya cewa Allah yana da mata, ko yana da bukatar jiki irin tamu. Misali ne, kamar yadda Zabura ta kira shi makiyayi, ta kuma kira shi dutse. Musulunci ma bai ɗauki aure da wasa ba: aya ta 21 ta Suratun Nisa'i ta kira shi alkawari mai ƙarfi, aya ta 21 ta Suratur Rum kuma ta sa ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata cikin ayoyin Allah. Inda hanya ta rabu shi ne, Kirista ya ɗaure aure da labarin ceto kansa. Yadda ya fahimci gicciye, haka zai fahimci zaman gidansa.

Tushen maganar yana wurin annabawa, kuma babu wanda ya sha ɗacinta kamar Annabi Yusha'u. Ya rayu a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, a masarautar arewa ta Isra'ila, kafin Assuriyawa su ci Samariya a shekara ta 722. A zamanin sarki Yerobowam na biyu ƙasa tana cikin wadata, mutane kuwa sun juya ga bautar gunkin Ba'al, suna ganin shi ke ba su hatsi da mai da ulu. Sai Allah ya umarci annabin ya auri mace marar aminci, domin rayuwarsa ta zama wa'azi. Ya auri Gomer 'yar Diblayim. Sunayen 'ya'yan da ta haifa ma hukunci ne: 'yar macen aka kira ta wadda ba a ji tausayinta ba, ƙaninta kuma aka kira shi "ba jama'ata ba". Matar ta bi masoyanta. A sura ta 3 Allah ya sake ce wa annabin ya je ya ƙaunaci mace mazinaciya, kamar yadda shi Ubangiji yake ƙaunar Isra'ilawa duk da sun juya masa baya. Yawancin masu fassara sun ɗauka Gomer ce. Yusha'u ya je ya biya azurfa 15 da sha'ir, ya dawo da ita gida.

Mu a nan mun san yaji, mun san biko. Idan mace ta yi yaji, wanda ya ɓata mata ne ake sa ran zai bi sawu. Ya tura manya, ya ba da haƙuri, wani lokaci ya haɗa da turmin zane. Idan kuwa ita ce ta ci amana, babu maganar biko, takarda ce ke bin ta gidan ubanta, kuma babu wanda zai ga laifin mijin. A littafin Yusha'u wanda aka cuta shi ne ya tafi biko, shi ne kuma ya zuba kuɗi. Bai jira ta gyaru ba. A sura ta 2 Allah ya ce zai kai jama'arsa jeji ya yi mata magana mai taushi, ya sake ɗaura alkawari da ita har abada cikin adalci da gaskiya da madawwamiyar ƙauna da jinƙai. Har sunayen yaran ya juya: wadda ba a ji tausayinta ba za a ji tausayinta, wanda aka ce ba jama'ata ba za a ce masa kai jama'ata ne. Wannan shi ne abin da Kirista ke kira alheri, ƙaunar da ta riga cancanta zuwa. Duk sauran koyarwar a kan wannan take tsaye.

Sauran annabawa sun bi layin. Ishaya 54 ya ce wa Urushalima, wadda ta zama kamar matar ƙuruciya da aka yasar, Mahaliccinki shi ne mijinki, Mai Tsarki na Isra'ila shi ne mai fansarki. Irmiya 31 ya yi albishir da sabon alkawari, yana tuna cewa sun karya na farko ko da yake Allah miji ne a gare su. Malakai kuwa ya juyo da maganar kan mazajen zamaninsa, ya ce Allah ne shaida tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa, matar alkawarinsa, kuma saboda cin amanarta ne Allah ya ƙi karɓar hadayarsu.

Littafin Rut ya nuna yadda fansa take a aikace, da kuɗinta da asararta. A shari'ar Musa, idan talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa, ɗan'uwansa na kusa ne ke da haƙƙin fanso ta, kada gado ya fita daga dangi. Na'omi ta dawo Baitalami ba miji ba 'ya'ya, sai surukarta Rut, gwauruwa, baƙuwa 'yar Mowab. Bo'aza ya zauna a ƙofar gari da dattawa 10, ya kira wanda ya fi shi kusanci. Mutumin ya yarda zai sayi gonar. Da ya ji sai an haɗa da auren Rut, kuma ɗan da za a haifa sunan marigayi zai ɗauka, sai ya janye, ya ce kada ya ɓata nasa gadon. Ya cire takalminsa ya miƙa, alamar ya bar wa Bo'aza haƙƙin fansar. Bo'aza ya ɗauki nauyin da wancan ya gudu, daga wannan auren kuma aka sami Obida, kakan sarki Dawuda. Wasu kan jingina al'adar gadon mata da wannan labari, amma su lura Rut ce da kanta ta je ta nemi Bo'aza ya rufe ta da mayafinsa. Ba a raba ta tare da gona da awaki ba.

Da Yesu ya zo, sai misalin ya sauka a kansa. Alamarsa ta farko a wurin biki ya yi ta, a Kana ta Galili, inda ruwan inabi ya ƙare, kunya na shirin kama ango. Yahaya Maibaftisma ya kira kansa abokin ango, wanda aikinsa ya tsaya ya saurara, ya yi murna da muryar ango. Da aka tambayi Yesu don me almajiransa ba sa azumi, ya ce abokan ango ba sa azumi muddin ango yana tare da su, amma ranar tana zuwa da za a ɗauke musu shi. A nan ya nuna gicciye tun kafin lokacinsa. Wahayin Yahaya kuma ya rufe Littafi Mai Tsarki da bikin auren Ɗan Rago, da sabuwar Urushalima tana saukowa kamar amaryar da aka yi wa ado domin mijinta. Martin Luta, wanda majami'u masu yawa a Ngaundere da Garwa da Yagwa ke ɗauke da sunansa, ya bayyana abin da kyau a rubutunsa na 1520 a kan 'yancin Kirista. Ya ce bangaskiya tana haɗa rai da Almasihu kamar amarya da ango, kuma tun da abin miji na mata ne, abin mata na miji ne, sai zunubinta da mutuwarta suka zama nasa, adalcinsa da ransa suka zama nata. Ango mai arziki ya auri matalauciya mai bashi, ya ɗauki bashin a kansa.

Da wannan a zuciya ne ya kamata a koma Afisawa 5. Kafin a kai ga mata, aya ta 21 ta ce wa dukan masu bi su yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. Ayoyi 3 ne aka keɓe wa mata. Daga aya ta 25 zuwa ta 33 kusan duk a kan miji ne. A duniyar Romawa da Helenawa, inda maigida yake da iko a kan mace da yara da bayi, umartar mace ta yi biyayya ba sabon abu ba ne, kowa ya san shi. Sabon abu shi ne abin da aka ɗora wa namiji. Ba a ce masa ya mallake ta ba, ba a ce ya sa ta ta yi biyayya ba. An ce ya ƙaunace ta kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da kansa dominta, ya ciyar da ita, ya kula da ita kamar jikinsa. Yohanna Kirisostom, bishop na Kustantiniya wanda ya rasu a 407, da yake wa'azi a kan wannan sura, ya ce wa maza idan suna son biyayya irin ta ikkilisiya, to su yi ɗawainiya irin ta Almasihu, ko da za ta kai ga ba da rai. Ya ƙara da cewa abokiyar rayuwa, uwar 'ya'ya, ba a ɗaure ta da tsoro da barazana. A wasiƙar Korantiyawa ta fari sura ta 7 Bulus ya ƙara wani abin da mazajen zamaninsa ba su saba ji ba: mace ba ta da iko da jikinta sai mijinta, haka kuma miji ba shi da iko da jikinsa sai matarsa. Ni dai a fahimtata, shugabancin da wannan sura ta ba namiji shi ne ya riga kowa ɗaukar asara a gidan. Shi zai fara neman sulhu, shi zai fara haƙura da cin nama idan kuɗin makaranta bai cika ba.

Daga nan maganar ta taɓa aljihu, kuma a nan ne ta fi yi mana zafi. Ma'auratan Kirista a ƙasar nan aure uku suke ɗaurawa: na gargajiya a gidan iyaye, na hukuma a ofishin magajin gari, sannan na coci, kuma coci-coci da yawa ba sa sa albarka sai sun ga takardar hukuma. Na farkon ne ke cin dukiya. Masa da Tupuri na wajen Yagwa da Kaile da shanu suke biya, wasu da awaki da kuɗi, Bahaushe kuma da kuɗin gaisuwa da lefe da sadaki. Masu wa'azi suna son su ce Almasihu ya biya sadakin amaryarsa da jininsa, suna dogara da wasiƙar Bitrus ta fari da ta ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba. Maganar tana da daɗi, amma sai an yi hankali da ita, domin mai shanu yana iya jin ta ya ce: ai ni ma na biya. Alhali fansa tana nufin a biya domin wanda ke ɗaure ya fita. Galatiyawa 5 ta ce saboda 'yanci ne Almasihu ya 'yanta mu. Mijin da ke tuna wa matarsa da safe da yamma cewa da shanunsa ya auro ta, ya juya hoton ne sama ƙasa.

Abin ya fi muni inda aka riga aka kashe dukiyar auren, watakila an aurar wa yayanta mata da ita. Mace ta gudo gida da kumburarren ido, iyaye su mayar da ita, domin babu abin da za su mayar wa mijin. Dokar ƙasa ma ba ta goyi bayan wannan ba. Dokar 29 ga Yuni 1981 a kan rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta ce biyan kuɗin aure ko rashin biyansa, duka ko wani sashe, bai shafi ingancin aure ba. Ba na cewa a soke al'adar. Girmama iyayen mace abu ne mai kyau, kuma haɗa dangi biyu yana riƙe aure ranar da ma'aurata suka gaji. Amma idan saurayi da budurwa sun yi shekaru a ɗaki ɗaya da 'ya'ya, ba su ci Jibin Ubangiji ba saboda shanu ba su cika ba, ko saboda ba su da kuɗin farar riga da walima, to ikkilisiya ce ya kamata ta ji kunya kafin su. Alheri kyauta ne, bai kamata hotonsa ya gagari talaka ba.

Kowane misali yana da iyaka, wannan kuwa idan aka wuce iyakarsa jini yake zubarwa. Miji ba Almasihu ba ne. Ba ya ceton matarsa, ba ya wanke mata zunubi, kuma shi ba marar laifi ba ne. A gaban Allah, da mijin da matar duk a wurin amarya suke tsaye, duk Gomer ne, duk an fanso su. A gidaje da yawa ma matar ce ke riƙe da matsayin Yusha'u, ita ke jiran mutumin da ya bar ta da yara ya tare a mashaya ko a ɗakin wata. Haka kuma zafafan kalmomin da ke cikin Yusha'u 2 da Ezekiyel 16, na tsiraita marar aminci da tare mata hanya da ƙaya, hukuncin Allah ne a kan al'umma da bakin annabi. Ba izini ba ne ga wani ɗan Adam ya ɗaga hannu a kan matarsa.

Mun gaji karin maganar da ke cewa aure yaƙin mata ne, mun kuma gaji kalma ɗaya da ake sallamar kowace mai kuka da ita: ki yi haƙuri. Haƙuri ɗabi'ar Kirista ce, babu musu. Amma idan mace ta zo gaban dattawa ta ce, "Baba Fasto, jiya da sanda ya dake ni," aka buɗe mata Afisawa 5 aka ce, "'Yata, ɗauki gicciyenki ki koma," an ɗora gicciyen a kafaɗar da surar ba ta ɗora shi ba. A cikin hoton, ango ne aka buga, ba amarya ba. Wanda ya kamata a kira, a sa a ƙarƙashin horo, idan ta kama a kai gaban hukuma, shi ne mijin. Ko Cocin Katolika, wadda ta fi kowa tsauri a kan saki, dokarta mai lamba 1153 ta yarda ma'auraci ya raba zama idan ɗayan yana jefa shi ko 'ya'ya cikin babban haɗari na jiki ko na rai. Gafara ba ta hana mace neman mafaka, kuma ba ta ɗauke wa mai laifi tuba na gaske.

A kan saki kuwa majami'unmu ba bakinsu ɗaya ba, kuma bambancin ya zo mana tare da waɗanda suka kawo bishara. 'Yan mishan na Luta daga Amurka da Norwe sun shigo arewa a shekarun 1920, limaman Katolika na ƙungiyar Oblat kuma suka iso a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey. Katolika, bisa ga Majalisar Tirent ta 1563, suna ɗaukar aure a matsayin ɗaya daga cikin sakramenti 7, wato alamu masu tsarki na alherin Allah: auren masu baftisma da aka cika shi da saduwa ba mai kwance shi sai mutuwa, domin Almasihu ba ya sakin ikkilisiya. Luta tun 1520 ya ce aure ba sakramenti ba ne, tsari ne mai tsarki da Allah ya kafa wa dukan 'yan Adam tun halitta. Shi ya sa majami'un da suka bi shi suke karɓar saki a kan zina, bisa ga Matiyu 19, da kuma inda marar bi ya yi tafiyarsa, bisa ga Korantiyawa ta fari. Amma dukansu sun yarda da abin da Yesu ya faɗa wa Farisiyawa, cewa saboda taurin zuciya ne Musa ya ba da izinin saki, tun farko ba haka yake ba. Ko inda aka halatta saki, labarin Yusha'u yana nan yana tambayar wanda aka cuta ko akwai sauran hanya. Tambaya ce, ba tilas ba. Babu mai ikon matsa wa wani ya yi irin wannan gafara, daga zuciya take fitowa ko ba ta fito ba.

Rashin haihuwa ma yana kashe auren Kirista a yankin nan, ko ya mayar da shi gida mai kishiya. Shekara 3 ba ciki, uwar miji ta fara magana, kuma kullum matar ake kallo, ko da ba a taɓa gwada mijin a asibiti ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta a wajen shekara ta 401 cewa alherin aure uku ne: 'ya'ya, da aminci, da ɗaurin da ba ya kwancewa. Ya kuma ce rashin na farko ba ya rushe sauran. Dalilin a bayyane yake idan aka riƙe hoton: Almasihu bai zaɓi ikkilisiya don abin da za ta haifa masa ba. Dokar 1981 ta bar wa ma'aurata su bayyana a takardar aure ko na mace ɗaya ne ko na mata da yawa, kuma akwai angwaye Kirista da ke barin ƙofar a buɗe a ofishin magajin gari, sannan su zo coci su yi alkawarin rabuwa da kowa sai ita. Wannan baki biyu ne, kuma amarya tana da haƙƙin ta san abin da aka rubuta kafin ta sa hannu.

Mutumin da bishara ta same shi da mata 2 ko 3 kuwa, maganarsa dabam ce. An daɗe ana cewa sai ya saki sauran kafin a yi masa baftisma. Taron bishop-bishop na Angilika a Lambet ya tsaya a kan hana irinsa baftisma a 1888, sannan a 1988 ya sassauta, ya ce a karɓe shi da matansa da 'ya'yansa, muddin ba zai ƙara aure ba, kuma kada a tilasta masa korar kowa. Ina ganin na biyun ya fi kusa da zuciyar koyarwar. Auren mace ɗaya shi ne abin da hoton ke nunawa, ango ɗaya da amarya ɗaya, kuma shi ake nema daga shugabannin ikkilisiya a Timoti ta fari sura ta 3. Amma korar uwar 'ya'ya zuwa titi da sunan amincin alkawari, rushe abin da ake son karewa ne.

Gwauraye da waɗanda ba su yi aure ba su ma kada a bar su a bakin ƙofa. Yesu bai yi aure ba, Bulus ya yaba zaman rashin aure, kuma a Matiyu 22 Yesu ya ce a tashin matattu ba a aure ba a aurarwa. Aure alama ce, ranar da ainihin abin ya zo alamar ta gama aikinta. Wadda ta tsufa ba miji ba ta rasa komai daga cikin fansa ba.

Inda wannan koyarwa ke fuskantar gwaji mafi tsanani a yau shi ne gindin duwatsun Mandara. Tun da aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo a 2013, ya cika da mutanen Borno, da yawansu Kiristoci daga wajen Gwoza masu sujada da Hausa, ƙauyukan Kamaru na bakin iyaka su ma sun sha hare-haren Boko Haram. An raba mata da miji. An sace mata, an aurar da wasu dole a daji, wasu sun dawo da goyo. Waɗannan matan ba Gomer ba ne, ba su ci amanar kowa ba, zalunci aka yi musu. Duk da haka sun dawo sun tarar da ana nuna su da baki, ana kiran su matan Boko Haram, ana tsoron 'ya'yansu, wasu kuma sun tarar mijin ya riga ya yi wani aure. Idan Allah ya bi sawun wadda ta tafi da ƙafarta, ban ga hujjar da Kirista zai rufe ƙofa ga wadda aka tafi da ita da bindiga ba. Ban raina nauyin abin a kan mijin ba: akwai kishi, akwai tsoro, akwai bakin mutane, akwai yaron da zai riƙa gani kullum. Ba abin da za a warware da wa'azin Lahadi ɗaya ba ne. Yana bukatar mai ba da shawara da ya san ciwon zuciya, da asibiti, da zumuntar mata da za ta zauna kusa da matar a sujada kowa yana gani, da yi wa yaron suna da albarka a gaban jama'a kamar kowane yaro. Fasto da dattawa kuma, idan za su fara, su fara da gidan uwar mijin da baffanninsa, domin sau da yawa a can ake yanke ko matar za ta koma ɗakinta ko ba za ta koma ba.